Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Bakin Kogin Nilu

Karatu: Fitowa 12:35-36, 2 Sarakuna 18:1-4

 

Maganarmu ta yau ta taso ne daga tambayar wani ɗan'uwa, saurayi, daga ƙasar Daura. Ya ce abokan karatunsa sun turo masa hotuna biyu a waya, an jera su gefe da gefe. Na ɗaya gunkin wata mace ne na mutanen Masar na dā, tana zaune tana ba ɗanta mama. Na biyu kuwa zanen Maryamu ne, da jariri Yesu a cinyarta. A ƙarƙashi aka rubuta wai Kirista ba su da wani abu nasu na kansu, addinin Fir'auna suka kwaso suka sāke masa suna. Ya ce abin ya hana shi barci, gama da ya duba da kyau sai ya ga lalle hotunan sun yi kama. Tambayarsa ke nan: gaskiya ne, ko ƙarya?

Ba za mu ce masa ya share hotunan ya manta da su ba. Wanda aka yi wa tambaya a makaranta, gobe ma za a sāke yi masa. Gara mu bi maganar a hankali. Tun da yake shi mutumin Daura ne, bari mu fara daga ƙofar gidansu.

Kowane yaro a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Baƙo ya baro Borno, ya bi ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya shigo gari da dare. Ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa ai ruwa sai ran Jumma'a, saboda macijin nan da ake kira Sarki, wanda ya tsare rijiyar. Baƙo ya karɓi guga ya tafi, maciji ya fito da kai, ya fille shi. Daga baya sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga nan kuma aka jawo asalin Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan har yau, an yi mata gini, baƙi suna zuwa su gani.

To, Kiristan Masar, waɗanda ake kira Kibɗawa, suna da wani hoto da da ƙyar ka shiga majami'arsu ba ka tarar da shi ba: soja a kan farin doki, yana soke wani ƙaton maciji da mashi. Suna ce da shi Mar Girgis, Turawa kuwa Joji. Bisa ga abin da ikilisiya ta riƙe, soja ne da aka kashe saboda bangaskiyarsa wajen shekara ta 303, kabarinsa kuma yana Lidda, garin da manzo Bitrus ya warkar da shanyayye. Ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa ne aka liƙa masa labarin maciji. Wani littafin tarihin tsarkaka da aka haɗa a Italiya wajen 1260 ya ce a ƙasar Libiya abin ya faru, a bakin wani tafki. Wasu masu ba da labarin kuma suka ce maɓuɓɓugar ruwan garin ce macijin ya tsare, har baƙo ya zo a kan doki ya kashe shi, ya kuɓutar da 'yar sarki.

Kun ji yadda labaran biyu suka yi kama. Ashe za mu ce Bayajidda shi ne Mar Girgis? Ko kaɗan. Mutanen tsohuwar daular Wagadu ma, can wajen Mali da Muritaniya, suna da nasu macijin, Bida, wanda wani saurayi ya sare. Duk inda ruwa ke da wuya, maciji kuwa yana son bakin ruwa, ba a rasa labarin jarumin da ya buɗe wa jama'a hanya. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a: kama da wane ba wane ba ne. Kafin a ce wannan ya gāji wancan, sai an nuna hanyar da gādon ya bi, watau ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, da hannuwan da suka koya wa juna sana'a.

A Masar kuwa, wannan hanya tana nan a fili ga waɗansu abubuwa, kuma ba abin da za mu ɓoye.

Bishara ta isa Masar da wuri. Akwai mutanen Masar cikin waɗanda suka ji wa'azi ran Fentikos, Afolos ma mutumin Iskandariya ne, Kibɗawa kuma suna riƙe da cewa Markus mai bishara shi ya kafa ikilisiyarsu. Waɗanda suka tuba ɗin nan ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan magina ne, da masassaƙa, da masaƙa, da masu zane, waɗanda kakanninsu suka yi wa haikalan gumaka aiki shekaru dubbai. Ko sunayensu ba su canza ba. Babban malamin Littafi Mai Tsarki na Iskandariya, wanda aka haifa wajen 185, sunansa Orijin, ma'anarsa kuwa haifaffen Horus, Horus ɗin nan ɗaya daga cikin allolin Masar ne. Ubansa ya mutu domin sunan Yesu, shi ma ya sha azaba a kurkuku, amma da sunan nan ya rayu har ya mutu. Rubutunsu ma haka: suka ɗauki baƙaƙen Helenanci, suka ƙara shida ko bakwai daga tsohon rubutun ƙasarsu, da shi suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen kakanninsu.

Mu koma ga mahayin doki. A jikin haikalin Edfu, a kudancin Masar, an sassaƙa Horus mai kan shaho yana tsaye cikin jirgin ruwa, yana soke dorina, wadda take a matsayin Set, abokin gābansa, alamar hargitsi da mugunta. A can babu doki. Amma a gidan kayan tarihi na Louvre a birnin Paris akwai wani dutse daga ƙarni na 4 bayan haihuwar Yesu, inda Horus ɗin nan ya sa kayan sojan Rum, ya hau doki, yana soke kada a ƙarƙashin kofato. Doki da sulke na Romawa ne, kan shaho da kada na Masar. Sa'an nan a Bawit, wani babban gidan sufaye, watau masu bi da suka keɓe kansu a bakin hamada domin addu'a, wanda Faransawa suka fara tonowa a 1901, aka sami zanen bango na ƙarni na 6 ko na 7: wani tsarkaka mai suna Sisiniyus a kan doki, yana soke wata aljana da aka yi imani tana cutar jarirai. Kan shaho ya ɓace, mashi da doki suna nan. A nan kam, ƙasa ɗaya ce, zamanin ma yana kusa, kuma idon da ya saba ganin wancan shi ya karɓi wannan. Mutumin da ya tashi da tsoron kada da aljanu, aka ce masa Kristi ya yi nasara bisa ikokin duhu, sai ya zana nasarar da siffar da ya sani.

Abin da ya fi kowane fitowa fili shi ne gicciye mai zobe. Masarawan dā suna da wata alama da suke kira ank, kamar harafin T ne da zobe a bisa kansa, ma'anarta rai. Za ka gan ta a hannun allolinsu, suna miƙa ta ga hancin Fir'auna. A shekara ta 391, zamanin Bishop Tiyofilas, aka rushe babban haikalin Serafis a Iskandariya. Marubutan tarihin ikilisiya na lokacin, irin su Rufinus da Sokratis, sun ba da labari cewa an ga wannan alama a jikin duwatsun, aka yi ta gardama a kanta. Waɗanda suka iya tsohon rubutu, cikin waɗanda suka riga suka tuba, suka bayyana cewa tana nufin rai mai zuwa. Ga Kirista kuwa wannan ya zama kamar hannunka mai sanda. Daga nan muka ga gicciye mai zobe a bisa duwatsun kaburburan masu bi, da jikin tufafin da suka saƙa. Akwai wani tsohon kofe na littafin Ayyukan Manzanni cikin harshen Kibɗawa, wanda yake ajiye a birnin New York, shafinsa na ƙarshe ba kome ba ne sai wannan gicciye, an yi masa ado da launi da tsuntsaye. Sai mu lura da abin da ya faru. Ba ɓoye abin suka yi ba, ba kuma ruɗewa suka yi ba. Sun sani sarai alamar kakanninsu ce. Sun ɗauki kalmar rai daga hannun gunki suka ɗora ta a kan itacen da aka kashe Ubangiji. A dā sarki ne ake miƙa wa, yanzu ga ta a kan kabarin manomi.

Akwai wani mutum da labarinsa yakan sa mu murmushi. Sunansa Shenuda, shugaban sufaye kusa da garin Sohag, wanda ya rasu wajen 465. Ba a yi mai zafin gāba da gumaka kamarsa ba. Ya yi wa'azi a kan tsohon rubutun haikali mai cike da siffofin macizai da kadoji, ya kuma shiga gidaje ya farfasa gumaka. Amma majami'ar da aka gina a zamaninsa, wadda take tsaye har yau, in ka hango ta daga nesa sai ka rantse haikalin Fir'auna ne: bango mai faɗin gindi yana tsukewa zuwa sama, da baki mai lanƙwasa a bisa, waɗansu duwatsun ma daga tsofaffin haikali aka kwaso su. Ciki kuwa tsarin majami'a ne sosai. Magini ya tuba, amma hannunsa bai manta yadda ake tā da bango ba. A tsibirin Fila kusa da Aswan, inda aka yi rubutun haikali na ƙarshe da aka sani a 394, ba su ma wahalar da kansu da sabon gini ba. A ƙarni na 6 suka sassaƙa gicciye a jikin ginshiƙan haikalin Isis, suka mai da wani sashinsa majami'a da sunan Istifanas.

Isis ɗin nan ita ce macen da ke cikin hoton ɗan'uwanmu, yaron kuwa Horus. Gumakanta tana shayarwa suna da yawa ƙwarai. Gaskiya ne kuma cewa zane-zanen Maryamu tana shayar da Yesu mafiya tsufa, da dama daga cikinsu a Masar aka same su, kamar waɗanda ke gidan sufaye na Irmiya a Sakkara, na ƙarni na 6 zuwa na 7. Masana sun rabu a kan wannan. Waɗansu sun ce mai zane ya bi tsohon fasali ne. Waɗansu sun nuna cewa akwai tazarar shekaru masu yawa tsakanin yayin gumakan Isis da waɗannan zane-zane, kuma uwa da jariri ba sai an je haikali ake ganinsu ba, kowace ƙofar gida akwai su. Mu a ganinmu, ko da an yarda cewa fasalin zama da riƙon yaro gādo ne, abin da hoton yake faɗi dabam ne. Isis allahiya ce, mai sihiri, matar Osiris, tana shayar da magajin sarauta. Maryamu kuwa yarinya ce daga Nazarat, wadda ta kira kanta baiwar Ubangiji. Labarinta yana rubuce cikin Matta da Luka tun ƙarni na 1, shekaru ɗari biyar kafin a shafa wa bangon Sakkara fenti. Zane ne ya bi bishara a baya, ba bishara ce ta fito daga zane ba. Sufayen da suka yi shi suna tsaye ne a kan abin da Bishop Siril na Iskandariya ya kāre a taron Afisa a 431, cewa jaririn nan mai jin yunwa shi ne Allah da ya zama mutum. Wannan magana kuwa babu ita a haikalin Isis.

Saura abu guda, watau fuskoki. Mun sani Masarawa sukan shafe gawa da magani su naɗe ta, haka aka yi wa Yakubu da Yusufu a ƙarshen Farawa. A zamanin mulkin Romawa sai suka shiga zana fuskar mamaci a kan siririn allo, da launi da aka dama da narkakken kakin zuma, su ɗaura a kan gawar. An sami irinsu wajen 1,000, da yawa daga yankin Fayum. Manyan idanu, suna kallonka kai tsaye. Da irin wannan kakin zuma, a kan allo, da irin wannan kallo, aka zana hoton Yesu na ƙarni na 6 da ke gidan sufaye na gindin Dutsen Sina'i. Ga abin mamaki kuwa: daga 726 zuwa 843 sarakunan Kirista na Rum ta gabas sun yi ta farfasa hotuna a majami'u, suna kafa hujja da doka ta biyu. Wannan hoto ya tsira ne domin Sina'i tana ƙarƙashin mulkin Musulmi a lokacin, hannun sarkin Rum bai kai can ba.

Wannan ya nuna mana cewa gardamar hotuna tsohuwa ce a cikin ikilisiya, ba mu muka fara ta ba. A cikin masu sauraronmu akwai waɗanda majami'arsu ba kome a bango sai gicciye da kalanda, akwai kuma waɗanda suka saba da siffofi. Ba mu zo raba wannan gardama yau ba. Amma nassoshin da muka karanta suna ba mu ma'auni. Isra'ilawa sun fito daga Masar da zinariya da azurfar Masarawa. Da zinariya suka yi ɗan maraƙi a Fitowa 32, da zinariya kuma suka yi kayan alfarwa ta sujada a Fitowa 35. Orijin ɗin nan mai sunan Horus ya yi amfani da wannan misali cikin wasiƙarsa ga wani almajirinsa, domin ya nuna cewa mai bi yana iya ɗaukar ilimin al'ummai ya yi wa Allah hidima da shi. Ga kuma macijin tagulla. Allah ne ya umarci Musa ya yi shi, Yesu ma ya kwatanta gicciyensa da shi a Yohanna 3. Duk da haka sa'ad da mutane suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, aka kuwa lasafta masa wannan cikin ayyukansa na kirki. Tagullar ba ta canza ba. Abin da ake yi a gabanta ne ya canza.

Mu ma a ƙasar Hausa mun taɓa wannan tambaya, ko da ba da fenti ba. Kalmar Ubangiji ta cikin gidan Bahaushe ce, sujada da addu'a da mala'ika kuwa daga Larabci suka shigo, da su muke yin ibada ba tare da wata damuwa ba. Tulu da aka yi domin ɗiban ruwa, yau shi ne ke riƙe da waƙar Zumuntar Mata. Dagi yana jikin rigar dattijon ikilisiya kamar yadda yake jikin soron fada. Amma ɗan'uwan da ya fito daga gidan Maguzawa, wanda ya san abin da ake zubawa a gindin tsafi, ba ya bukatar kowa ya faɗa masa abin da zai shigo da shi da abin da zai bari a waje. In tsoho ya ce shi ba ya son jin garaya a wurin sujada domin ya san ta a wajen bori, kada matasa su yi masa dariya. Kibɗawa ma ba kome suka ɗauka ba. Sun ɗauki alamar rai, ba su ɗauki kan shaho ba.

Wani zai tambaya, to, wannan sana'a ta Kiristan Masar ta taɓa nufo wajenmu? Ta yi tafiya kudu da yamma kam. A Kharga, wani dausayi cikin hamadar Masar a kan hanyar fatake ta kwana arba'in mai zuwa Darfur, akwai maƙabartar Bagawat mai ɗakunan kabari sama da 260, da gicciye mai zobe a jikinsu. A rufin ɗaya daga ciki an zana Musa yana fitar da Isra'ilawa, rundunar Fir'auna tana binsu. Ku duba fa, Masarawa ne suka zana wannan, sun kuwa sa zuciyarsu tare da masu gudu. Bishara ta shiga Nubiya, arewacin Sudan ta yau, a 543. Tsakanin 1961 da 1964 masana daga Folan suka tono babbar majami'ar Faras daga cikin yashi kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wurin, suka ciro zanen bango fiye da 100, aka raba su tsakanin Khartum da Warso. A cikinsu akwai bishop-bishop baƙaƙen fata kamarmu, sanye da kayan aikinsu.

Daga nan zuwa ƙasar Hausa kuwa, abin da ke hannunmu tarihin baka ne, ba bango ko kabari ba. Tarihin sarautar Daura ya ce kakannin farko sun taso daga Kan'ana, suka zauna a Libiya wadda take ƙarƙashin Masar, kafin su ratso hamada. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a 1812 cewa ana danganta Gobirawa da Kibɗawa. Akwai kuma gicciyen Agadas da maƙeran Buzaye ke yi da azurfa, mai zobe a sama, wanda waɗansu ke so su haɗa da ank. Duk waɗannan suna da daɗin ji, amma ma'aunin da muka gwada wa Bayajidda da Mar Girgis shi za mu gwada musu. Ba daidai ba ne mu ƙi kama da wane sa'ad da aka yi amfani da ita a kanmu, sa'an nan mu rungume ta sa'ad da ta yi mana daɗi.

Irin wannan labari ya taɓa jawo mutane har ƙasarmu. A farkon ƙarni na 18 labari ya kai Tarabulus cewa can kudu da Borno, a Kwararrafa, akwai mutane masu riƙe da alamar gicciye. Limamai biyu na ikilisiyar Katolika, Karlo Mariya mutumin Jenowa da abokinsa Seberino, suka tashi daga Tarabulus a 1710 domin su neme su. Suka bi ayarin fatake ta Fezzan, suka sauka Agadas, suka gangaro kudu. A 1711 ciwo ya kama su a birnin Katsina, tafiyar kwana biyu ko uku a ƙafa daga Daura, can kuwa suka rasu su biyu. Ba su kai Kwararrafa ba.